Kek da gudun safe

'Yar'uwa, kin tambaya ko ɗanɗana kek ɗin shaguna da kike yi kina rubuta ra'ayinki zai ɓata miki gudun safe. Ba zai ɓata ba in kin kula da yawa. Mai nauyin kilo 70 yakan ƙona kusan kalori 350 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) a gudun kilomita 5, kuma yanka ɗaya mai kirim a kai yakan kai haka. Ni ranar dogon gudu nake saye, bayan na dawo na karya, don in na ci kafin fita cikina murɗawa yake. Loma uku ta isa ki gane ko man shanu aka sa ko bota mai araha, wadda ke barin maiƙo a baki. Ragowar ki raba wa yara.