Kafin ka bi su farautar tuktu

Jiya ka tare ni a bakin gareji ka ce, "Maigida, iyalin abokina sun ce in bi su farautar tuktu farkon Satumba, in riƙa duba musu mashina. Wane kaya zan ɗauka?" Tuktu dai ita ce dabbar nan mai manyan ƙaho, dangin barewa, da Turawa ke kira caribou. Na yi maka shiru ne don tambayar ta fama mini tsohon miki.

Kayan aiki ba zan lissafa maka ba. Shekara biyu kana hannuna, in har sai na ce ka ɗauki filogi da faci da baƙin mai, to ban koya maka komai ba. Abin da ba ka sani ba shi zan faɗa.

A shekarata ta huɗu a nan Arviat, a yankin Nunavut na arewacin Kanada, na sayi Honda mai ƙafa huɗu, sabuwa fil. Ka san babu titin da ya haɗa mu da wani gari. Jirgin ruwan dakon kaya ne ya sauke ta da rani, bayan na shekara biyu ina tsimin kuɗinta. Ba ta yi wata biyu ba sai ga wani ɗan kwangilar gini daga kudancin Kanada, mai zaƙin baki. Yana son ya ga farautar Inuit, 'yan asalin wannan yanki, da idonsa, zai hayi mashin ɗina, rabin kuɗi yanzu, rabi in mun dawo. Kwaɗayi ya ja ni. Na taka har gidan wani dattijo da nake gyara wa injin kwalekwale, na roƙe shi ya tafi da baƙon, na ce ni na tsaya masa. Tsohon ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga gira. A wurinsu wannan shi ne "e".

Kwana na biyu, can gaba da kogin Maguse, muka hau wani dogon tudun tsakuwa muka kashe injina. Iska na yanka fuska, ƙasa ta yi jajawur da ƙananan tsirran kaka, ba bishiya ko ɗaya har iyakar ganinka. Wajen la'asar, na gaban garken tuktu suka ɓullo, suna tafe a jere, ƙahonsu kamar rassan ƙirya. Dattijo ya sa hannu ya danne bakin bindigar jikansa. Na gaba ba a taɓa su. Su ke shata hanya, sauran na bin sawunsu da ƙanshinsu. In ka firgita su, garken gaba ɗaya ya karkata, gari ya kwana ba nama.

Baƙona ya hango wani namiji mai manyan ƙaho, yana son hoto kusa. Kafin mu ankara ya tayar da mashin ya gangara. Ya tarar da rafi, bai nemi mashigi ba, ya afka. Ruwa har sirdi, injin ya mutu. Ina daga kan tudu ina ihu, ina jin sa yana danna sitata, yana sake dannawa. Ruwa ba iska ba ne, fistin ba ya matsa shi. A dannawa ta uku na ji ƙas, na san kwanrod, ƙarfen da ke riƙe fistin, ya lanƙwashe. Da na ɗaga kai, garken ya juya yamma, sai bayansu muke gani.

Muka ƙara kwana biyu muna yawo, muka dawo da tuktu biyu, alhali gida huɗu ke jira. Na jawo sabuwar Hondata da igiya a bayan wata tsohuwar Honda. Baƙon ya ce wai dama mashin ɗin na da matsala, ya hau jirgin sama da sassafe, lambarsa ta daina shiga. Ko sisi bai ƙara mini ba. Kayan gyara sai ta jirgin sama, kuɗin dako ya kusa kamo kuɗin kayan, kuma har ta tsufa injin nan bai koma daidai ba.

Kuɗin na iya haƙura da shi. Abin da har yau ke ci mini rai shi ne matar dattijon. Fatun farkon kaka take jira, don a lokacin ne gashin ke daidai ɗinkin tufafi, ramukan da tsutsar ƙuda ke hudawa a bayan dabbar sun warke. In lokacin ya wuce, sai baɗi. Ta wasa wuƙarta ulu, ta tanadi komai, muka shigo mata da fata biyu. Ba ta ce uffan ba, mijinta ma bai yi mini faɗa ba. Shekara uku dai bai sake cewa in zo mu fita ba.

To ka ji. In mashin ya nutse, ka cire makulli ka sa a aljihunka tun kafin mai shi ya miƙa hannu. Cire filogi, tsayar da mashin a kan gindinsa ruwa ya zube ta salansa, juya injin ya tofar da sauran, ka yi ta canza baƙin mai har ya daina kama da nono.

Bindiga ba taka ba ce. Yarjejeniyar Nunavut ta 1993 ta tabbatar wa Inuit haƙƙin farautarsu. Kai baƙo sai da lasisi. Aikinka dako da riƙe ƙafa in ana fiɗa. Kada ka yar da komai: kitsen baya da suke kira tunnuq, harshe, ɓargo, har jijiyar gadon baya da ake zaren ɗinki da ita. Garken tuktu na wannan yanki, wato Qamanirjuaq, da aka ƙiyasta shi 496,000 a 1994 ya sauko wajen 288,000 a 2017, mutanen nan kuwa da shi suke ciyar da 'ya'yansu.

Ku yaran yanzu abu biyu ke kashe ku: waya da gaggawa. Ba ku iya zama awa uku a kan dutse ba tare da motsi ba, kuma kome kuka gani sai kun ɗora a Facebook. Kada ka ɗauki hoton dabba a kwance sai ka nemi izini. Wandon jins ɗin nan naka ka bar shi a gida, in ya jiƙe a can ba ya bushewa. Batun cin naman kuma, danye ko dafaffe, ka je ka tambayi malami tun yanzu ka san matsayinka, don in aka miƙo maka ka yamutsa hanci, a wurinsu ka ce "a'a" ke nan, a gaban mai gida.

Ranar Asabar ka zo da sassafe. Zan tura tsohuwar Hondar nan cikin tafkin bayan gareji, ka tayar da ita a gabana ba tare da na buɗe baki ba. In ta tashi, ka tafi. In ba ta tashi ba, ni da kaina zan je in ba iyalin abokinka haƙuri.