Waƙa ɗaya, yanayi uku: me ke faruwa a ƙwaƙwalwata?

Tambaya: Likita, akwai wata waƙa da in na kunna ta sai in fara da nishaɗi, can tsakiya zuciyata ta karye har ƙwalla ta zubo, kafin a ƙare kuma tsikar jikina ta tashi. Duka cikin minti huɗu. Anya kuwa lafiya?

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, lafiyarki ƙalau. Ƙwaƙwalwa ba ta zama ta jira kiɗa ya zo mata. Gaba take yi tana hasashen abin da zai biyo baya, kuma yawancin sauyin da kike ji daga nan yake fitowa.

Sauti yana bugun dodon kunne, kunnen ciki ya mayar da shi saƙon jijiya, saƙon ya bi ta tushen ƙwaƙwalwa ya hau zuwa sashen ji da ke daidai saitin kunnuwa. Tun a hanya aiki ya soma. In ganga ta faɗo ba zato, kafaɗarki ta riga ta zabura kafin ki san me kika ji. Wannan shi ne mafi sauri cikin ayyukan da ƙwaƙwalwa ke yi in ta ji kiɗa.

Mai ɗaukar lokaci shi ne hasashen. Ki lura da wurin nan da kika haddace, inda mawaƙi ke jan murya, makaɗa su yi tsit, ki riƙe numfashi kina jiran amshi. A 2011 masu bincike a Jami'ar McGill da ke Kanada, cikinsu har da Robert Zatorre, suka sa mutane su kawo kiɗan da ke tayar musu da tsikar jiki, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna saurare. Sai aka ga sinadarin dofamin, wanda ke fita in mutum ya samu abin da yake marmari, yana fita a wani sashe tun ana sauran daƙiƙoƙi a kai wurin da ke tayar musu da tsikar, sannan ya sake fita a wani sashen daban lokacin da aka kai. Wato jiran ma da nasa daɗin. Ƙwararren makaɗi ya san haka ko bai taɓa jin sunan dofamin ba: ya ja miki rai, ya kauce wa inda kike zato, sannan ya dire. A 2019 aka ƙara gwadawa da magunguna a birnin Basalona da ke Sifaniya. Wanda ke ƙara dofamin ya ƙara wa mutane daɗin kiɗa, wanda ke toshe shi ya rage.

Ƙwallar kuma fa? Kiɗa mai sanyi, mai tafiya a hankali, yana kama da muryar mai baƙin ciki, kuma sassan da ke karanta yanayin muryar mutane, irin su amigdala, suna amsa masa. Ga kuma ma'ajiyar tunani a maƙwabtaka. Baiti ɗaya ya isa ya dawo miki da wani ɗaki, wata fuska, wani da ya riga mu gidan gaskiya. A ganina wannan ne ya fi ƙarfi, shi ya sa waƙar da ke sa ki kuka ƙawarki take ji tana hira abinta. Sassan nan kowanne da saurinsa, sukan kuma yi aiki tare, don haka kina iya jin ɗaci da daɗi a lokaci guda.

Ba kowa ke samun wannan ba. A 2014 masu bincike a Basalona suka bayyana mutanen da jinsu lafiya lau, suna murna in sun ci kuɗi a wasan gwaji, amma kiɗa ba ya motsa su ko kaɗan. Daga baya aka gano cewa sadarwa tsakanin sashen jinsu da sashen jin daɗi ce ke da rauni. Su haka suke, ba ciwo ba ne. Amma wanda a da kiɗa ke ratsa shi, sai ya daina jin daɗinsa, ya daina jin daɗin abinci da hira har mako biyu ko fiye, to ya ga likita, domin ciwon damuwa kan zo da haka.