Amsa ga mai shirin kai iyali Kano ranar jajibiri

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce ranar jajibirin ƙaramar Sallah za ka tashi daga aiki, ka kwashi iyali daga Samaru ku kama hanyar Kano bayan La'asar, kana tambayar abin da za ka duba a mota. Ni kam lokacin da ka zaɓa ya fi motar tsaya mini a rai.

Ka yi kwana goma kana tahajjud, ga azumi a bakinka, ga gajiyar ofis. Barci kuwa ɓarawo ne, ba ya sallama. Ni ya taɓa sace ni a irin wannan rana, tsakanin Tashar Yari da Kwanar Ɗangora, alhali a ganina idona biyu. Ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin mota da salatin uwargida ne suka dawo da ni, tayoyin dama sun riga sun sauka daga kwalta. Na samu gindin wata bishiya na faka, hannuna na rawa, na kasa ko buɗe ƙofa. A nan muka sha ruwa da dabino da ruwan leda, yara na ta tambaya ko mota ce ta lalace. Har yau uwargida ba ta bari in tuƙa da yamma cikin azumi, kuma ban taɓa yi mata musu ba.

Sannan ba kai kaɗai ke kan hanyar ba. Daf da Magariba kowa so yake ya sha ruwa a gida, direban haya kuma yana son ya ƙara sawu ɗaya kafin gari ya waye da Sallah. Tun daga Kwangila za ka ga yadda ake tsere tsakanin tireloli, duhu na shigowa, wata motar ma fitila ɗaya gare ta, ka ɗauka babur ne.

In da hali, ka nemi izini a wurin aiki, ka kwanta da wuri, ku fita bayan Asuba. In babu, ku yi Idi a nan Zariya, yara su kalli hawan Sarki, washegari ku tafi. Hajiya za ta yi ƙorafi, amma na san wanda za ta zaɓa in ka gaya mata dalili.

Batun mota kuwa, taya ce kan gaba. A gefenta akwai lamba huɗu a jere, misali 2319, wato an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ba ta daga ranar da aka yi ta, don haka kada zanen 'yar Beljiyam ya ruɗe ka, ana samun mai kyan gani da ta tsufa a ajiye. Ka auna iska da safe tun taya na da sanyi, har da safaya, ka tabbatar jak na but. Birki da fitilu makaniki ya gani tun yanzu, ba ranar jajibiri ba da gareji ke cike.

Kada gudunka ya wuce kilomita 100 a awa, komai kyan kwalta. Yara duk a baya, kuma don Allah kada amarya ta rungume jaririn a kujerar gaba. Lambar gaggawa ta jami'an hanya 122 ce, ka sa ta a wayarka da tata.

In kun isa Kura ka leƙo nan ka shaida mana. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya.