Na sayi Celica mai ƙofa biyu, da me zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Watan da ya wuce na sayi Toyota Celica ƙirar 2002, jan launi, ta hannu ce amma jikinta fes. Ina so in sauke ta ƙasa kaɗan, in sa mata manyan ƙafafu da salansa mai ƙara da filtar iska buɗaɗɗiya irin wadda nake gani a YouTube. Matsalar dai tana shan baƙin mai, sati biyu sai na ƙara, kuma da rana allurar zafi tana hawa. Da wanne zan fara? Daga wani matashi, unguwar Garin Malam, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri ya tsare hanya. Amma kuɗin ƙafafun nan da salansa ka mayar da su aljihu tukuna, motar da ke shan mai tana zafi ba kwalliya take nema ba.

Celica ɗinka zubi na bakwai ce, wanda aka yi daga 1999 zuwa 2006, daga nan Toyota ta daina yin ta. Buɗe bonet ka duba, in ba ka ga an rubuta VVTL-i a saman injin ba to 1ZZ-FE ke ciki mai lita 1.8, irin wanda ke cikin wasu Corolla da Avensis, kuma nan ka yi sa'a don kayansa ba wuya, in ba a samu a gari ba Ƙofar Ruwa ta Kano na nan. Sai dai na shekarun farko sun yi suna wajen shan mai, ringin piston ɗinsu, abin da makanikanmu ke ce wa segman, yana kamewa da datti sai mai ya riƙa haurawa sama yana ƙonewa tare da esansi. Ga gwaji mai sauƙi: da safe ka sa wani ya tada ta ya taka totur, kai ka tsaya baya, in hayaƙin ya fito shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen mai to ka san inda aka dosa. Ka leƙa ƙarƙashinta ma ko ɗiga take, don wani lokaci gasket ne, abin da ke toshe mahaɗar sassan inji don kar mai ya zuba, kawai ya gaji. Sannan ka kai ta garajin da ke da na'urar awon ƙarfin silinda, kar ka yarda a kwance maka inji da ka. Kafin nan kullum da safe ka zaro ƙarfen awon mai, wajen lita 3.7 kawai take ɗauka, in ya yi ƙasa sai inji ya buga.

Zafin kuma kar ka jira watan Afrilu da ake wuce digiri 40. A wanke lagireto, a duba fanka da murfin lagireton da tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, a zuba ruwan sanyaya inji na galan, ba na pampo ba mai barin tsatsa. In makaniki ya ce a cire tamostat a yar, ka ce masa a'a, a sa sabo.

Filtar nan buɗaɗɗiya kam ka manta da ita. Masu bidiyon ba su san hunturun Damagaram ba, ranar da ƙura ke rufe duwatsun Birni ka goge gilashi da safe kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kai. Duk abin nan inji zai zuƙa, segman ɗin da kake kuka da shi ya ƙarasa lalacewa. Ka ci gaba da irin ta kamfani, ka riƙa canjawa da wuri.

Saukewa ma haka, motar dama a ƙasa take, ka shiga lungunan Garin Malam da damina ko ka hau tudun rage gudu sai ka ji ƙarrr a ƙarƙashi, tukunyar mai ce ke gaisawa da ƙasa. Sababbin amortisa da tayoyi masu kyau da birki sun fi maka. Salansa kuwa in komai ya daidaita ka sa abinka, amma ka fara shawara da maƙwabtan da za ka riƙa tayarwa in ka dawo ƙarfe ɗayan dare.