Amsa: Shiga Ƙungiyar Likitoci ta Duniya daga Katsina

Likita, kana tambaya ko za ka iya shiga Ƙungiyar Likitoci ta Duniya, wato WMA, kai tsaye daga nan Katsina. Za ka iya, amma a matsayin mamba ɗan rakiya, wato wanda ba cikakken mamba ba, ta shafinsu na intanet. Cikakkun mambobi ƙungiyoyin likitoci na ƙasashe ne, kuma Ƙungiyar Likitocin Najeriya, wato NMA, ce ke riƙe da kujerar Najeriya. Ta hanyarta Dakta Osahon Enabulele ya zama shugaban WMA a 2022.

Sai dai kada ka ɗauka katinsu lasisi ne. Izinin duba marar lafiya na hannun MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Najeriya. In kana son muryarka ta kai babban taronsu, inda ake gyara dokoki irin Sanarwar Helsinki ta 1964 game da binciken lafiya a kan mutane, fara da biyan kuɗin NMA reshen Katsina, ka riƙa zuwa taro.