Amsoshin Tambayoyinku: Kafin Ki Biya Kuɗin Gonar Bakin Daji

Wani matashi daga Bauchi ya ce za su je Yankari da abokai bayan sallah, wai ya sayi bindigar toka su harbi ko da gada ɗaya ce? Haba ɗan samari! Tun 1956 aka killace dajin nan don a kare namun daji, harbi ɗaya sai ka kwana a hannun ma'aikata. Kuɗin bindigar ka biya mota da jagora ku zagaya, ku yi wanka a Wikki, ruwan ɗumi ne dare da rana.

Sai wata baiwar Allah daga Doguwa a Kano, mijinta ya rasu, an yi mata tallan gona eka biyar a gefen dajin Falgore da araha sosai, dillalin ya ce "gwamnati ta saki wurin", tana son ta sa kuɗin gadon marayu amma gabanta na faɗuwa. Allah Ya jiƙan maigida Hajiya, kuma wallahi faɗuwar gaban nan ita ce ta cece ki, kar ki ba da ko sisi tukuna. Dazuzzukan gwamnati ba iri ɗaya ba ne. Akwai na tarayya irin Gashaka-Gumti da Kamuku da Kainji, nan babu noma babu kiwo babu saran itace. Akwai gandun namun daji na jiha, Falgore ya daɗe a cikinsu, sai a 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da shi na tarayya. Akwai gandun itatuwa inda malaman daji kan ba da izinin yin itace ko ɗiban zuma, wani wurin har a bar manomi ya yi shuka tsakanin dashen bishiyoyi na ƴan shekaru, amma aro ne ba mallaka ba, ranar da aka ce tashi sai tashi. Sai wuraren kiwo da burtali da dokar 1965 ta ware wa dabbobi, wanda ya noma su rigima ya saya da kuɗinsa. Duk cikinsu ba wanda dillali ke da ikon sayarwa, kai ko mai unguwa ba shi da shi, tunda dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta sa ƙasa. Abin da ke ƙona mini rai kenan, mutum zai sayi buhun masara sai ya zura hannu har gindi ya duba, amma gona ta miliyoyi sai ya yarda da takarda ɗaya mai hatimin da aka sassaƙa a kasuwa, da shaidu biyu abokan mai sayarwa! Ki tura ɗan'uwanki ofishin malamin daji na ƙaramar hukuma, a zo a nuna masa simintin iyaka da idonsa, sannan a bincika a ma'aikatar ƙasa. In dillalin ya fara cewa akwai wani mai saye gobe, ki bar masa kayansa.

Mai tambaya kan man zaki don ciwon gwiwa, kar ka saya. Zakunan da suka rage a Najeriya ƴan ƙalilan ne a Yankari da Kainji, to ina aka samo kwalaben da ke cike a tasha? Da wuya ya zama na gaske, in kuwa na gaske ne kayan laifi ka riƙe. Ka je asibiti a duba gwiwar.