Ko ana biyan ɗaliban da ke buga wa jami'o'in Amurka wasa?

Malam, ka tambaya ko ɗanka mai buga ƙwallon kwando a jami'ar Amurka zai riƙa samun kuɗi. Tun Yulin 2021 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta halatta wa ɗalibai yin talla da sunansu, kuma a 2025 kotu ta amince jami'a ta raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kodayake kaso mafi tsoka na ƙwallon ƙafar Amurka ne. Abin da nake jiye masa biza ce, domin mai bizar karatu ta F-1 ba shi da izinin aiki barkatai, tallan takalmi guda a Instagram na iya jefa zamansa cikin haɗari. Kada ya sa hannu a takardar dillali sai ya ga lauyan shige da fice.